Sunan Ƙwayar Wake

Ina tsakiyar yankan yadi a shagona na ɗinki a Kebbe wayar ta shigo. Da hantsi ne, an sha ruwa kafin asuba, ƙasa tana ta ƙamshi. Kawu ne ya kira, ƙanin mahaifiyarmu, mai sana'ar wake a Tambuwal. A gidansa autanmu yake zaune yana karatun sakandare. Kawu bai tsaya gaisuwa ba.

"Ka taho yanzu," in ji shi. "Ka taho da Inna. Jikin ƙanenka ya yi tsanani."

"Wane jiki, Kawu? Shekaranjiya munka yi magana, lafiya lau shike."

"Kai dai taho."

A bayan muryarsa na jiyo salatin mata. Na ajiye almakashi, na sauko da farin yadi daga kan kanta, na naɗe na sa a leda. Ba wanda ya ce in ɗauko. Da Inna za ta hau bayan babur sai ta ga ledar. Ta dube ta, ta dube ni, ta gyara mayafinta. Hanya ta jiƙe, ramuka sun cika da ruwa, muna tafe muna kaucewa har muka shiga Tambuwal.

Mun tarar an dawo da shi daga asibiti. An ce da asuba aka ji yana amai, yana riƙe da ƙirji, yana cewa numfashi ba ya isarsa. Kafin a gama neman jijiyar da za a sa masa ruwa ya cika. Ni na ɗinka likkafanin a keken wani tela maƙwabcin Kawu. Telan ya miƙo mini abin awo, na ce ya bar shi. Ni nake yi wa yaron nan ɗinki tun kayan firamare.

A wurin zaman makoki kowa da sunan da ya ba abin. Wani ya ce zazzaɓin farkon damina ne, wani ya ce wani abu ya ci a waje, yawanci suka ce kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana ya ƙare, ban ja da wannan ba kuma ba zan ja ba. Amma ina zaune a kan tabarma ina amsa gaisuwa zuciyata tana tafasa. Saurayi ya kwanta lafiya, ya wayi gari yana neman numfashi, kuma ba mai son a tambayi mene ne.

Shekararsa ta ƙarshe ke nan a makaranta. An riga an fara jarrabawar fita, takardar kemistiri ce ke gabansu, kuma ita ya fi so. Ni a ƙaramar sakandare na tsaya na kama ɗinki, don haka abin da na sani na kemistiri duk daga bakinsa na ji. Kowane hutu idan ya dawo Kebbe, a shagona yake wuni. Ba ya taya ni komai sai ƙarar mini da allin awo. Ƙyauren shagon na ƙarfe ne mai baƙin fenti, sai ya mai da bayansa allo.

"Kai, wanga alli na awo ne, ba na boko ba," nakan ce masa.

"Yaya, ilimi nika zuba maka har cikin shago, kai kana kukan alli."

Da farko surutu na ɗauki abin, irin na ɗan makaranta mai son a san ya sani. Sai wata rana ya ɗauki rigar da nake sa wa maɓalli ya ɗaga ta. Ya ce in ɗauka kowane sinadari rabin riga ne. Wasu gefen maɓalli ne, su ne dangin ƙarfe, wasu kuma gefen rami. Ba a rubuta fomula sai riga ta rufe, ba maɓallin da ya yi saura, ba ramin da aka bari a buɗe. Sodiyam maɓalli ɗaya gare shi, kulorin rami ɗaya. Ya rubuta NaCl a ƙyaure.

"Ga gishirin da Inna taka sa ma miya."

Kalsiyam maɓalli biyu ne, kulorin ɗaya ba zai rufe shi ba, sai an kawo biyu. Ya rubuta CaCl₂, ya nuna mini ƙaramin biyun da ke zaune a ƙafar harafi, ya ce nan ne wurin zamansa. Daga nan ya ba ni aiki: alminiyam maɓalli uku, oksijin rami biyu, yaya riga za ta rufe? Na ci gaba da taka keke ina juya abin a kai. Can na ce a kawo alminiyam biyu, maɓalli shida ke nan, a kawo oksijin uku, rami shida. Ya rubuta Al₂O₃ ya buga tafi.

"Ashe kan tela ba zare kaɗai ke ciki ba!"

Na jefe shi da ƙwaryar zare, ya kauce yana dariya.

Kiran suna ma da ƙa'idarsa. Mai maɓalli shi ake fara kira, da cikakken sunansa. Mai rami ya biyo baya, amma sai an datse masa wutsiya an ɗinka masa wata. Kulorin ya koma kulorayid, oksijin ya koma oksayid. Ya ce wannan ai aikina ne, rage tsawon wando da kalmasa baki. Ƙarfe kuwa, irin na ƙyauren, ya ce ba shi da magana ɗaya, yau maɓalli biyu gobe uku, shi ya sa ake liƙa masa lamba a bayan sunansa don a san da wanne ya zo. Ya kankaro tsatsa daga gindin ƙyauren da farce ya ce wannan mai ukun ne.

Ni kuma ina da tambaya ɗaya da nake masa a kan kowanne: mene ne shi a kasuwa? Abin da ban iya riƙewa a hannu ba, ba ya zama mini a kai. Wasu ya sani, wasu ya ce zai tambayo. A hutunsa na ƙarshe ya rubuta wani gajere daidai tsayin ƙirjinsa: AlP. Ya ce wannan ne ya fi burge shi, ɗinkin gwani, maɓalli uku rami uku, ba a bukatar ko ƙaramar lamba. Ya ce rabin ajinsu Al₃P₃ suke rubutawa maki ya zube. Sunansa alminiyam fosfayid, ya sa ni na maimaita har bakina ya saba.

"To shi wanga mi ne a kasuwa?"

"Wanga ba na kasuwa ba ne, Yaya. Na jarrabawa ne."

Muka yi dariya. A can ƙasa ya rubuta wani mai baka biyu a tsakiya, Ca(OH)₂, ya ce farar ƙasa ce da ake shafa wa bango, amma bayanin bakan sai an natsu, sai ya gama jarrabawa.

Bayan an tashi daga zaman makoki na shiga ɗakinsa in kwaso kayansa. Ɗaki ne a jikin zaure, mai 'yar taga ɗaya. An bar ƙofar a buɗe tun ranar, amma har lokacin akwai wani wari, kamar tafarnuwa, kamar kifin da ya kwana. Tagar a toshe take da tsohon buhu. A ƙasa ga sawun buhuna a jere, tun daga bakin ƙofa har kusa da katifarsa, an kwashe su. A lungu na ga wani ɗan ƙullin tsumma, na taɓa shi da ƙafa, wata toka mai ruwan ƙasa ta zubo.

Na sami Kawu a zaure. Na ce, "Kawu, mi anka aje ɗakin nan?"

Ya ce sito ne ya yi yoyo da ruwan farko, ya sa aka kwashe waken aka kai ɗakin kafin a gyara kwano. Da ake kwasa ya ga ƙwari sun fara shiga, ya sa wa buhunan ƙwaya.

"Na ɗaure bakinsu da kyau. Wallahi na ɗaure. Tun ba a haife shi ba nika wanga aiki."

Tagar kuma yaron ne ya toshe ta da kansa, don feshin ruwa yana jiƙa masa littattafai.

"Wace ƙwaya ce, Kawu? Mi ne sunanta?"

"Ƙwayar wake mana. Wasu su ce bom."

Ya sa hannu ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Mutumin nan shi ya ci da yaron tun shigarsa sakandare, shi ya saya masa keke, bai taɓa bambanta shi da 'ya'yansa ba. Na so in tara fushina duka a kansa, da ya fi mini sauƙi. Na kasa.

Ranar kasuwar Tambuwal na je layin masu maganin ƙwari. Na sami mai sayar da ƙwayar a ƙarƙashin lema, yana ƙulla ta a fararen ledoji ƙanana, masu saye suna jefawa a aljihu kamar alewa. Ba rubutu ko ɗaya a jikin leda. Na ce ina son in ga abin da take zuwa a ciki.

"Gwangwanin? Mi za ka yi da shi, Malam? Ƙwaya aka saye, ba gwangwani ba."

Na ce masa ƙanena ne ya rasu a gidan mai wake. Ya bar dariya, ya yi mini gaisuwa. Ya laluba a ƙarƙashin tebur ya fito da wani tsohon gwangwani dogo da ya daɗe da ƙarewa, yana tara ƙusoshi a ciki. Ya juye su ya miƙo mini.

"Ai kowa ya san ba a kwana da ita ɗaki," in ji shi.

"Wa kag gaya ma?"

"Wanda yat tambaya."

A jikin gwangwanin akwai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, da rubutun Turanci ƙanana waɗanda suka fi ƙarfina. Amma akwai kalmomi biyu manya. Na bi su harafi bayan harafi, kafin in kai ƙarshe bakina ya riga ni, domin an sa shi ya maimaita su har ya saba. Alminiyam fosfayid. Na zauna a bencin wani mai goro.

Da na koma Kebbe na shiga shago na turo ƙyauren. AlP ɗin yana nan da rubutun hannunsa, daidai tsayin ƙirjinsa.

A nan fushina ya sami inda zai tsaya, kuma bai gusa ba har yau. Yaron nan ya san sunan abin. Ya san harufansa, ya san dalilin da ya sa ba a rubuta masa lamba, ya fi rabin ajinsu saninsa. An ɗauko shi an jera masa a gefen katifa, ya tsallaka shi ya kwanta, ya toshe taga. A makaranta an ba shi suna ba a nuna masa abu ba. A kasuwa ana ba da abu ba a faɗin suna. Tsakanin makarantar da layin masu maganin ƙwari tafiyar ƙafa ce, ba a hawa ko babur. Ba a sami mutum ɗaya da ya ɗauko wannan ya ajiye kusa da wancan ba.

Na je wurin malaminsu na kemistiri. Mutum ne mai natsuwa, ya zo jana'iza, na gan shi a sahu yana share ido. Na ajiye masa gwangwanin a kan tebur. Kallo ɗaya ya yi masa ya gane. Ya bayyana mini abin da ban sani ba: idan danshi ya taɓa ƙwayar sai ta saki wata iska mai guba, fosfin, ita ke kashe ƙwarin. Ya rubuta mini PH₃ a gefen allo. Ya ce da damina ta fi saurin fita, kuma ɗaure bakin buhu ba ya tsare ta.

"Malam, ashe ka sani."

"Na sani."

"Ka gaya musu?"

Ya juya allin a hannu. Ya ce lokacin da suka yi darasin sunaye da fomula, misali ne kawai a cikin misalai, an zaɓe shi don yana koyar da soke lamba. Aji cike yake maƙil, manhaja tana korarsa, ɗakin gwaji kuma kwalabe ne wofi. Ya ce bai taɓa kawowa a ransa ba cewa wani daga cikinsu yana kwana da shi. Ya fara cewa ƙanena shi ne ya fi kowa a ajin, na ce don Allah ya bar wannan, ba ita ta kawo ni ba.

Abu ɗaya na roƙa. Ranar da za a sake koyar da darasin nan, idan an rubuta AlP a allo, a ɗaga gwangwanin nan sama a ce wa yara: wannan shi ne ƙwayar wake, shi ne bom, kada ku kwana ɗaki ɗaya da shi. Ba sai ni na faɗa ba, ba sai an ambaci kowa ba. Makarantar cike take da 'yan ƙauye irin ƙanena, daga Kebbe, daga Jabo, daga Sanyinna, waɗanda aka ba wa ɗakin zaure a gidajen dangi. Ɗakin zaure kuwa shi ne inda ake tura kaya idan wuri ya ƙure.

Malam ya ce ya yarda, amma sai shugaban makaranta ya sani. Shugaban ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini ruwa, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya ce kayan guba ba a shiga da su aji sai da izini daga sama.

"Ranka ya daɗe, wofi ne. Ƙusoshi aka tarawa ciki."

Ya ce ya gane, amma ƙa'ida ce. Yanzu jarrabawa ake yi, bai kamata a tayar wa yara da hankali ba. In dawo bayan hutu, in yi haƙuri. Na dawo bayan hutu. Aka ce an yi wa Malam canjin wurin aiki, sabo bai iso ba tukuna, kuma daga sama ba a ce komai ba. In ƙara haƙuri. Kalmar nan na ji ta daga bakin mutane da yawa a shekarar nan. Daga wasu ta sanyaya mini rai. Daga wasu kuwa hanya ce ta nuna mini ƙofa.

A gida ma ban sami goyon baya ba. Inna ta ga gwangwanin a shago, ta tambaya, na gaya mata komai. Ta saurara har na gama.

"Ka bar wagga magana," ta ce.

"Inna, ɗiyan mutane na nan suna kwana da ita."

"In ka kai shi makaranta, gari duka za a ce ƙanena ya kashe ɗana."

"Ba ni ambaton Kawu."

"Ba sai ka ambata ba. Wa bai san gidan ba? Na rasa guda, kana son in rasa biyu?"

Gaskiya ta faɗa, Kawu ya rame, ya daina zama cikin mutane. Amma ita ma ba ta ce ƙarya nake ba. Tun ranar ba mu sake tayar da zancen ba. Idan ta shigo shagon takan zauna ta ba ƙyauren baya.

Na koma makarantar sau ɗaya bayan wannan, ban gaya mata ba. Gwangwanin yana cikin leda a hannuna. Shugaba ba ya nan, aka ce in jira. Ina jira na jiyo hayaniya daga wani aji, na bi baranda na leƙa ta taga. Ba malami. Shugaban ajin ne a gaban allo yana kwafa musu darasi daga littafin wani ɗan ajin gaba, sunaye a hagu, fomula a dama. Na bi layin da ido. Yana nan a tsakiya, harufan nan uku.

Ban shirya magana ba, ita ta fito. Na ce ta tagar, "Samari, wa ka kwana ɗakin da anka aje wake cikinku?"

Suka juyo suka dube ni. Wani ya ce, "Baba, wake kaka saye?" Aka fashe da dariya. Amma hannuwa sun tashi, wasu da wasa, wasu da gaske, ban ƙirga ba. Wani siriri a layin baya ya ɗaga nasa bai yi dariya ba. Na fara kwance ledar, ƙullin ya ƙi. Sai na ji hannu a kafaɗata. Maigadi ne, ya ce cikin ladabi baƙo ba ya tsayawa a bakin aji, in zo ya raka ni. Na ɗaga murya na ce kada su kwana da ƙwayar wake, ita ce wancan da ke allo. Hayaniya ta riga ta tashi. Ban san ko wani ya ji ba, ban san ko sun gane wanne nake nufi ba.

Yanzu duk wanda ya kawo ɗinki nakan gaya masa, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Wasu su gode, wasu su ce Allah ya kyauta, na kuma ji ana cewa rasuwar ta taɓa ni. Rubutun ƙyauren ya fara dushewa, na lulluɓe shi da farar leda na manne gefunan. Mai baka biyun da ke can ƙasa har yau ban san yadda ake haɗa shi ba, ban kuma tambayi kowa ba.

Wake ya fara nuna a gonaki, masu sito sun fara tanadin buhu. Gwangwanin yana kan kanta, a inda farin yadin yake a da. Har yanzu ba a ɗaga shi a gaban ajin ba.